Daga Muliha zuwa Rahoton Likita: Tarihin Tantance Raunin Kai da Biyan Diyyarsa a Yola da Jimeta

1.0 Gabatarwa

Raunin kai ya sha bamban da sauran raunukan jiki, domin sau da yawa ɓarnar da yake yi ba ta tsayawa a inda aka ga jini. Mutum kan faɗo daga kan babur, a ɗinke masa goshi, fata ta warke sumul, amma bayan wata uku iyalinsa su lura ya zama mai yawan mantuwa da saurin fushi, har ya kasa lissafin cinikin da ya shekara ashirin yana yi. Idan aka zo batun diyya, tambaya biyu ce ke gaban mai hukunci: mene ne aka ɓata wa wannan mutum, kuma ta yaya za a tabbatar da shi?

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka riƙa amsa waɗannan tambayoyi a Yola da Jimeta, tun daga kotun alƙali ta zamanin daular Fombina, zuwa zamanin Turawa, har zuwa yau da ake dogaro da hoton ƙwaƙwalwa da rahoton likita. Abin da take son nunawa shi ne, a kowane zamani raunin da aka biya diyyarsa shi ne wanda aka iya kiran sunansa a harshen da hukuma ke saurare. Saboda haka batun ya shafi masana harshe kamar yadda ya shafi likitoci da lauyoyi.

2.0 Yola da Jimeta a Taƙaice

Modibbo Adama, wanda ya karɓi tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Yola a shekarar 1841, ya mayar da ita fadar mulkin Fombina. Sunan garin ya samo asali ne daga kalmar Fulfulde yoolde, wato tudu. Jimeta kuwa tana gaɓar kogin Binuwai, 'yan kilomitoci kaɗan daga Yola, kuma ta bunƙasa ne a matsayin mashigar jiragen ruwa da matattarar 'yan kasuwa. Bayan da sojojin Ingila suka ci Yola a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice, ofisoshin gwamnati da kantunan kamfanoni suka riƙa taruwa a wajen Jimeta. Garuruwan biyu sun zama hedikwatar Jihar Gongola a 1976, sannan ta Jihar Adamawa a 1991.

Wannan tarihi ya bar rabon harsuna da ya kamata a riƙe tun yanzu. Fulfulde ne harshen fada da tsohon gari. Larabci ne harshen littattafan shari'a. Hausa ce harshen kasuwa da tasha, musamman a Jimeta, inda Bata da Bachama da Chamba da Kilba da Margi da Barebari da Ibo da Yarabawa ke cuɗanya. Ingilishi kuma shi ne harshen rahoton likita da manyan kotuna. Wanda aka ji wa ciwo a ka zai iya ratsa uku daga cikin waɗannan harsuna kafin kukansa ya isa kunnen mai hukunci.

3.0 Raunin Kai a Kotun Alƙali

3.1 Sunayen Raunuka da Kimarsu

Alƙalan Fombina, kamar takwarorinsu na sauran masarautun daular Sakkwato, mazhabar Malikiyya suke bi. Littattafan da aka fi dogara da su sun haɗa da Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shehu Halil na ƙarni na 14, da Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim. A cikin waɗannan littattafai an jera raunukan kai daki-daki bisa zurfinsu, tun daga wanda ya fitar da jini kawai, zuwa wanda ya tsaga fata, zuwa wanda ya nutsa cikin nama, har zuwa wanda ya kusa taɓa ƙashi. Waɗannan ƙananan ba su da ƙayyadadden kuɗi. Alƙali ne ke kimanta su, abin da ake kira hukuma, kuma idan sun warke ba tare da barin aibi ba, to a kuskure babu diyya a kansu.

Daga inda ƙashi ya bayyana ne ƙayyadaddiyar diyya take farawa. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kuma da ita ake auna sauran:

(a) Muliha: raunin da ya tone har ƙashin kai ko na fuska ya fito fili. Diyyarsa raƙuma 5, wato dinari 50.

(b) Hashima: wanda ya farfasa ƙashi. A Muhtasar an haɗa shi da na gaba a kima ɗaya.

(c) Munaƙƙila: wanda ya sa ɓarɓashin ƙashi ya gusa daga wurinsa, amma bai kai ga ƙwaƙwalwa ba. Diyyarsa raƙuma 15, wato dinari 150.

(d) Ma'amuma: wanda ya huda ƙoƙon kai ya isa ga ƙwaƙwalwa. Diyyarsa sulusin cikakkiyar diyya.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda kalmar muliha ta bi tsarin karatun Larabci na ƙasar Hausa, inda harafin lodi yake komawa /l/, kamar yadda ya faru a alƙali da farilla da lalura. Wannan alama ce ta cewa kalmar ta daɗe a bakin malaman zaure, ko da yake ba ta fita kasuwa ba. A bakin jama'a kalma ɗaya ce ta rufe duk waɗannan matakai, wato rotse.

Akwai ƙa'idoji uku da ke tafiya da wannan jeri. Na farko, ba a yin ƙisasi a munaƙƙila da ma'amuma ko da da gangan aka yi su, domin ramuwar za ta iya kashe wanda aka rama a kansa, sai dai a biya diyya. Na biyu, idan kuskure ne kuma diyyar ta kai sulusi ko ta haura, dangin mai laifi na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ne ke haɗa kuɗin, ana biyan cikakkiyar diyya cikin shekara uku. Abin da bai kai sulusi ba mai laifin ne ke biya daga dukiyarsa. Na uku, ba a yanke diyyar rauni sai ya warke, domin sai a lokacin ake sanin iyakar ɓarnarsa. Wajibi ne kuma a faɗi cewa wannan ma'auni bai daidaita kowa da kowa ba. Diyyar mace tana daidai da ta namiji ne har zuwa sulusi, daga nan ta koma rabi. Wanda ba Musulmi ba yana da ƙasa da ta Musulmi, bawa kuwa da kuɗin sayensa ake auna shi. Al'ummomin da ba su shiga ƙarƙashin alƙalai ba suna da nasu hanyoyin sulhu na gargajiya.

3.2 Raunin da Ido Ba Ya Gani

Malaman fiƙihu ba su tsaya ga zurfin rauni kawai ba. Sun ware wani babi na gushewar amfanin gaɓɓai, inda suka sanya cikakkiyar diyya a kan gushewar hankali, haka ma ji da gani da magana da shaƙar ƙamshi da ɗanɗano. An ruwaito cewa a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi an jefi wani mutum da dutse a ka, ya rasa jinsa da hankalinsa da maganarsa da ikon kusantar iyali, aka yanke masa diyya huɗu alhali yana raye. Likitan yau da ya karanta wannan ruwaya zai gane siffar mummunan raunin ƙwaƙwalwa nan take.

Da yake irin wannan asara ba a ganinta, Shehu Halil ya kawo hanyoyin gwaji. Wanda aka ce hankalinsa ya gushe, ana lura da shi a ɓoye lokacin da yake kaɗaice, a ga ko halinsa zai canza idan ya zaci ba mai kallonsa. Wanda ya ce kunnensa ɗaya ya ragu, ana toshe mai lafiyar a riƙa yi masa kira daga wurare dabam-dabam, a auna nisan da yake ji. Ana gwada hanci da wari mai ƙarfi, harshe kuma da abu mai ɗaci. Inda gwaji ya gagara, sai a koma ga rantsuwa. Ke nan, tun ƙarni na 14 an san matsaloli biyu da har yau suke damun kotuna: akwai asarar gaske da ba ta da tabo, akwai kuma mai ƙaryar asara don ya sami kuɗi.

3.3 Jiyya

Ta fuskar magani kuwa, ilimin bai kai na shari'a nisa ba. Littattafan likitancin Musulunci, irin su Attasrif na Azzahrawi wanda ya rasu a Andalus a 1013, sun yi bayanin karayar ƙoƙon kai da yadda ake cire ɓarɓashin ƙashi. Amma a aikace, mai rotse a wannan yanki hannun wanzami da maɗori da malami yake faɗawa: a aske gashin wurin, a tsayar da jini, a sa garin magani a ɗaure, a yi tofi da rubutun sha. Wanda jini ya taru masa a cikin ƙoƙon kai ba shi da mafita. Wanda ya rayu amma halinsa ya sauya, ko ya fara farfaɗiya bayan watanni, akan danganta abin da iska ko sammu, a nufi gidan mai magani. Da zarar an sauya wa cutar suna, alaƙarta da dukan da aka yi ta yanke, haƙƙin diyya ma ya bi ta.

4.0 Zamanin Turawa, 1901 zuwa 1960

Turawa ba su rushe kotunan alƙalai ba. Sun sa su ƙarƙashin dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906, suka ba Razdan ikon duba hukunce-hukuncensu, suka kuma hana duk horon da suka ga ya saɓa wa abin da suka kira adalci da tausayi. Da haka ƙisasin gaɓɓai ya kau, ɗauri da tara da diyya suka rage. Domin jami'ansu su fahimci abin da alƙalai ke karantawa, a 1916 aka buga taƙaitacciyar fassarar Muhtasar cikin Ingilishi wadda F. H. Ruxton ya shirya daga fassarorin Faransanci. 

A daidai wannan lokaci ne likitancin Turai ya shigo lardin. Dakta Niels Brønnum na mishan ɗin Denmak ya sauka Numan a 1913, mishan ɗin 'Yan'uwa daga Amurka ya kafa tasharsa a Garkiɗa a 1923, gwamnati da En'e kuma suka buɗe asibiti da ɗakunan shan magani. Sannu a hankali takardar likita ta fara zama shaida a kotu, kuma da Ingilishi ake rubuta ta.

Dokoki biyu na ƙarshen zamanin sun kawo sabon tunani game da wanda zai biya. Dokar diyyar ma'aikata ta 1941 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin raunin da ma'aikaci ya samu a bakin aiki. Dokar inshorar motoci ta 1945, wadda ta fara aiki a 1950, ta wajabta wa mai mota ya yi inshorar da za ta biya wanda motarsa ta kashe ko ta raunata. Idan aka duba da kyau, kamfanin inshora ya zo ne ya tsaya a gurbin aƙila: taron jama'a ne ke ɗaukar nauyin kuskuren mutum ɗaya. Bambancin shi ne aƙila tana zaune a unguwa, kowa ya san ƙofar gidanta, kamfani kuwa sai an bi shi da takardu.

Babban sauyi ya zo ne da kundin dokar laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kot, da ya fara aiki a ranar 30 ga Satumba, 1960. Kundin ya maye gurbin hukuncin laifuffuka na Malikiyya a kotunan alƙalai. Ya raba rauni gida biyu kawai, ƙarami da mai tsanani. Sashe na 241 ya lissafa mai tsanani, ciki har da rasa gani ko ji ko magana har abada, da ɓata kamannin kai ko fuska, da karayar ƙashi, da duk raunin da ya jefa rai cikin haɗari ko ya hana mutum harkokinsa na kwana 20. Sashe na 78 ya ba kotu ikon ta umarci mai laifi ya biya wanda ya cuta, amma bai ƙayyade kuɗi ba. Gushewar hankali, wadda fiƙihu ya ba cikakkiyar diyya, ba ta sami ambato da sunanta a wannan jeri ba. A 1968 kotunan alƙalai suka koma kotunan yanki a hannun gwamnatin jiha. Da yake Adamawa ba ta cikin jihohi 12 da suka dawo da hukuncin laifuffuka na shari'ar Musulunci daga 1999, tsohon jerin raunukan ya ci gaba da zama karatun zaure da ma'aunin sulhu tsakanin iyalai.

5.0 Zamanin Mota da Babur da Bam

A da, sanda da takobi da harbin doki da faɗowa daga bishiya ne ke fasa kai. Daga shekarun 1970 kwalta ta karɓe wannan aiki. Hanyoyin da suka fita daga Jimeta zuwa Numan da Gombe, da zuwa Song da Gombi da Mubi, da zuwa Mayo Belwa da Jalingo, sun cika da manyan motoci da bas-bas. Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya haifar da sana'ar acaɓa, wadda ta ɗora dubban mutane a kan babur ba tare da kariya a kansu ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988. Da ta tilasta sanya hular kwano daga 1 ga Janairu, 2009, an ga wasu 'yan acaɓa a biranen ƙasar nan sun kifa ƙwarya a ka don su kauce wa kamu.

Shekarar 2015 ta kawo wani nau'in rauni dabam. Bam ya tashi a babbar kasuwar Jimeta a ranar 4 ga Yuni, wani ya tashi a masallacin Juma'a na Jambutu a ranar 23 ga Oktoba, wani kuma a wurin hada-hadar jama'a a ranar 17 ga Nuwamba. An ƙirga waɗanda suka rasu da waɗanda aka kwantar. Sai dai ƙarfin iskar fashewar bam yana iya girgiza ƙwaƙwalwa ba tare da ko ƙwarzane a fata ba, kuma irin waɗannan mutane sukan tashi su kakkaɓe riga su koma gida suna godiya ga Allah. A nan babu direba ko kamfanin inshora da za a kai ƙara, sai tallafin gwamnati da na asusun taimakon waɗanda ta'addanci ya shafa da aka kafa a 2014, kuma tallafi yakan bi sunan da ke cikin rajistar asibiti ne.

6.0 Tantancewa da Jiyya a Likitancin Zamani

An fara aikin tiyatar ƙwaƙwalwa a Nijeriya ne a Ibadan a 1962, a hannun Farfesa Latunde Odeku. A 1971 aka fara gwada na'urar Siti-sikan a Landan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro, ta ba likita damar ganin jinin da ya taru a cikin ƙoƙon kai ba tare da ya buɗe shi ba. A 1974 Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da ma'aunin suma na Gilasgo. A Yola, baya ga Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, an kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a 1998, wadda daga baya aka ɗaukaka zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama.

Ma'aunin Gilasgo yana duba abu uku: buɗe ido mai maki 4, magana mai maki 5, da motsin jiki mai maki 6. Jimilla daga 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Ana kuma la'akari da tsawon suma da tsawon lokacin da majiyyaci ya yi bai iya riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwarsa ba. Jiyyar farko ita ce tabbatar da numfashi da hana hawan jini faɗuwa, da kare wuya, sannan a ɗauki hoto, a yi tiyata a kwashe jinin da ya taru idan akwai. Wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa da aka buga a 2004 ya nuna cewa magungunan sitiroyid da aka daɗe ana ba masu raunin kai suna ƙara yawan mutuwa, aka daina. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Duk da wannan ci gaba, na'ura ba ta ga komai da komai ba. Idan jijiyar da ke ƙarƙashin ƙashin gefen kai ta tsinke, mutum kan farfaɗo ya yi hira garau, bayan 'yan sa'o'i ya sake sumewa ya mutu idan ba a yi tiyata ba. A wajen tsofaffi jini kan taru a hankali, alamu su bayyana bayan makonni. Girgizar ƙwaƙwalwa da tsinkewar ƙananan zaruruwanta kuwa galibi ba sa fitowa a hoton Siti-sikan. A irin wannan hali hujja tana komawa ga abin da majiyyaci da iyalinsa suka faɗa, da gwajin tunani da ƙwararre ya yi masa. Wato an dawo inda Shehu Halil ya tsaya.

7.0 Matsalar Harshe

Mai neman diyya a babbar kotu yana neman abu biyu. Akwai diyya ta musamman, wato kuɗin magani da asarar albashi, wadda dole a tabbatar da ita da rasit. Akwai kuma ta gama-gari, wato ta raɗaɗi da rasa jin daɗin rayuwa, wadda alƙali ke kimantawa. Dukansu suna rataye ne a kan ra'ayin ƙwararre, wanda sashe na 68 na dokar shaida ta 2011 ya amince da shi. Haka ma asusun diyyar ma'aikata da dokar 2010 ta tanada, da kamfanonin inshora, duk rahoton likita suke nema. To, daga ina rahoton yake samun bayaninsa? Daga bakin majiyyaci, ta hannun duk wanda ya tsaya a matsayin tafinta. A nan ne ake samun giɓi aƙalla guda huɗu.

Na farko, kalmomin alamu. Suma a Hausa ta ɗauke komai, daga ɗaukewar daƙiƙa goma zuwa kwanciyar sati biyu, sai dai a ƙara doguwa. Ya farfaɗo na iya nufin ya buɗe ido kawai, alhali likita yana son sanin yaushe ya fara gane mutane yana riƙe abin da aka faɗa masa. Kaina yana juyawa jiri ne, kansa ya juye kuwa gushewar hankali ce. Ban san inda kaina yake ba na iya zama suma, na iya zama ruɗewa. Tafintan da bai ƙware ba zai iya mayar da kowanne cikin waɗannan ɗan'uwansa.

Na biyu, kayan gwajin kansu. Maki biyar na magana a ma'aunin Gilasgo sun dogara ne ga amsa tambayar suna da wuri da wata da shekara. Dattijon da aka kawo daga Fufore, wanda Fulfulde ne harshensa kuma da watannin Musulunci yake lissafi, idan aka tambaye shi da Hausa ko Ingilishi zai iya samun makin ruɗaɗɗe alhali lafiyarsa ƙalau. Ƙaramin gwajin tunani da aka wallafa a Amurka a 1975 yana neman a riƙa ɗebe bakwai daga ɗari, ko a harhaɗa wata kalmar Ingilishi daga ƙarshe zuwa farko. Wanda bai yi boko ba zai faɗi wannan ko da bai taɓa buguwa ba, lauyan ɗaya ɓangaren kuma zai yi amfani da hakan ya rushe sakamakon gaba ɗaya.

Na uku, kunya da ladabi. Amsar yaya jiki ita ce da sauƙi, ko da mutum yana gargara. Tarbiyyar Hausa da pulaaku na Fulani duk suna ƙyamar raki. Magidanci ba zai faɗa wa baƙo a gaban surukinsa cewa ya daina iya kusantar iyalinsa ba, ko cewa yana ɓata a hanyar gidansa. Abin da aka faɗa don ladabi sai ya shiga fayil a matsayin samun sauƙi.

Na huɗu, kuma mafi muni, rashin kalmar da ta raba raunin ƙwaƙwalwa da hauka. Taɓin hankali da taɓin ƙwaƙwalwa da taɓaɓɓe da zautacce duk suna ɗauke da tsangwama, kuma aikatau taɓa yana barin ƙofa a buɗe ga tunanin cewa wani abu ne ya taɓa mutum. A Fulfulden Adamawa alaƙar ta fi fitowa fili, domin ginnaaɗo, wato mahaukaci, tushensa ɗaya da ginnaaji, wato aljanu. Iyalin da ke da 'ya'ya mata da za a aurar ba za su so a rubuta irin wannan suna a takardar kotu ba. Sun gwammace a karɓi kuɗin ɗinki da na magani a ofishin 'yan sanda ko a gaban shugabannin tasha, a ce an yafe, ƙaddara ce. Yafiya abu ne mai kyau da addini ya kwaɗaitar. Amma sulhun da aka ƙulla kwana uku bayan haɗari ya saɓa wa ƙa'idar Malikiyya ta jiran warkewa, ya kuma saɓa wa ilimin likita, domin wanda ya yafe bai riga ya san abin da ya yafe ba.

Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 36, ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin samun tafinta kyauta. Tanadin ya tsaya ne ga wanda ake tuhuma a gaban kotu, bai kai ɗakin likita ba, inda ake rubuta shaidar da shari'ar diyya za ta dogara a kanta.

8.0 Kammalawa

An ga yadda tsarin alƙalai ya mallaki sunaye da gwaje-gwaje ga raunin kai amma ya rasa magani, da yadda tsarin zamani ya samar da magani da na'ura amma ya mayar da sunayen zuwa harshen da yawancin majiyyata ba sa ji. Cike wannan giɓi aiki ne da masana harsunan Nijeriya suka saba da irinsa. An yi shi a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi na 1990, an kuma yi shi a 2017 ga kalmomin cutar ƙanjamau da ta Ibola.

Abin da ake buƙata shi ne masana Hausa da Fulfulde su zauna da likitocin ƙwaƙwalwa da alƙalai da malaman fiƙihu a daidaita jerin kalmomi. A bar rotse ga raunin waje. A tsayar da raunin ƙwaƙwalwa a matsayin suna na dabam da taɓin ƙwaƙwalwa, a ware girgizar ƙwaƙwalwa da taruwar jini a ƙoƙon kai da kumburin ƙwaƙwalwa, kowanne da ma'anarsa. A duba ko muliha da munaƙƙila da ma'amuma za su sake amfani, tunda suna da daraja a kunnen jama'a kuma ba su ɗauke da tsangwama. A sake gina tambayoyin gwajin tunani bisa lissafin kasuwa da watannin da mutane suka sani, a gwada su a kan masu lafiya kafin a auna marasa lafiya da su. Sashen koyar da harsuna kuma ya ɗauki horar da tafintocin asibiti da kotu a matsayin darasi mai zaman kansa. Mutumin da aka kwaso daga hanyar Numan yana da damar a rubuta ciwonsa yadda ya faɗe shi, kuma a jira ya warke kafin a tambaye shi ko ya yafe.